Ƙafar Hagun Genzo

Ga ta nan, ga ta nanku, tana tafe da ƙaurin taya.

Ta zo mu ji ta, ko da hanci a toshe.

To ku matso kusa. Labarin wasu abokai ne su biyu, Genzo da Noboru, da abin da ƙafa guda ta jawo a tsakaninsu. Yawancinsa a gabana aka yi shi, don rumfar taliyata tana nan bakin filin Kazahara, daidai inda motoci ke fitowa daga kwanar ƙarshe. Abin da idona bai gani ba kuwa, su da kansu suka ba ni a kan bencina, kowa da ranarsa.

A filinmu ba a tambayar wa ya riga wa. Wasan zamiya ake yi. Ka shigo kwana a guje, ka saki gindin mota ya yi waje, hancinta na kallon ciki, tayoyin baya na ƙonewa, hayaƙi ya turnuƙe, kai kuwa kana riƙe da ita a karkace har ka fita. Wanda ya fi daɗin kallo shi ne zamiyar biyu: ɗaya a gaba, ɗaya na manne da shi a baya, ƙofa kusa da ƙofa. Na bayan ba ya ganin komai sosai saboda hayaƙi, amana kawai yake bi. Ya yarda na gaba ba zai yi abin da ba a zata ba.

Genzo Hatakeyama mai shagon tabarmin tatami ne a cikin gari, amma a fili ba mai kiran sa da wannan. Sensei ake ce masa, wato malam. Rabin masu wasan nan shi ya koya musu riƙe sitiyari. Noboru Kashiwagi kuwa mai sare itacen katako ne a kan dutse, tun suna samari suke tare, tun lokacin da gashin Genzo yake baƙi kuma yana da yawa. In sun fito zamiyar biyu har ni nakan bar tukunya in leƙa.

Genzo yana da baki, wannan kowa ya sani. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne mota mai canja giya da kanta, otomatik ɗin nan. In ya ga an shigo da irinta wajen ajiye motoci sai ya ɗaga murya ya kira ni yadda kowa ke kira na, Oba-chan, wato inna.

"Oba-chan, ga masu cefane sun iso! Ki tambaye su ko sun taho mana da albasa."

"Sensei, ka bar mutane su ci abincinsu," in ce masa.

"Ai gaskiya ce. Mota mai abin takawa biyu ai keken ɗinki ce. Ina kuloci? Mutumin da ƙafarsa ta hagu ba ta aiki, fasinja ne a motarsa."

Noboru ya yi ta dariya yana zuga shi. Ina ya san abin da ke jiran sa.

Wata damina gungumen itace ya kuɓuce a gangare ya bi ta kan ƙafar Noboru ta hagu. Likitoci suka yanke ta ƙasa da gwiwa. Aka yi masa ta roba, yana tafiya da ita sarai, sai dai ba ta jin kuloci, ba ta san inda ya kama da inda ya saki ba. Da ya je sabunta lasin, sai aka buga masa a jiki cewa otomatik kaɗai zai riƙa tuƙawa. Daga nan muka daina ganin sa. Genzo ma ya daina wannan barkwancin, ko da yake ba wanda ya ce masa ya daina.

An jima sosai, sai ga wata tsohuwar farar mota ta shigo fili, doguwa mai faɗi, irin wadda manyan kamfani ke zama a bayanta suna gyangyaɗi. Ƙofa ta buɗe, Noboru ya fito yana murmushi.

"Oba-chan, akwai romo? A sa mini ƙwai."

Na kusa zubar da ludayi. Ashe duk watannin nan yana cikin rumfar gidansa yana fama da motar nan. Ya ƙara mata abin sanyaya man giya, ya tsawaita birkin hannu yadda zai kai masa kusa da sitiyari, ya yi dabarar da giya za ta tsaya a ta biyu ba ta motsa. Tun daga ranar nan, a ranakun aiki, lokacin da fili babu kowa, sai ya zo ya yi ta gwadawa shi kaɗai. Da farko juyawa kawai take yi kamar katantanwar yara. A hankali ya gano ta. Zai ɗan kaɗa ta waje, ya fizgo ta ciki, ya ja birkin hannu, ya danna totur, sai ka ga wannan ƙatuwar tana zamewa a karkace kamar kifi a ruwa. Ranar da ya zagaye fili gaba ɗaya bai miƙe ba, ya zo ya zauna a bencina, ya ci taliyarsa yana ta murmushi shi kaɗai.

Abu ɗaya yake so: a bar shi ya shiga zamiyar biyu a bikin kaka, wanda ake yi in ganyen dutse ya yi ja. Ya je wajen mai fili, Okonogi-san, mutum mai tsoron tsautsayi kamar me. Okonogi ya sosa ƙeya.

"Kashiwagi-san, kai kaɗai a fili, ban hana ka ba. Amma da mutum a bayanka? In motar nan ta ga dama ta canja giya a tsakiyar kwana fa? Ai ba shawara take yi da kai ba."

"Ba za ta canja ba. Na ɗaure ta."

"Ni ban san wannan ba. A ba Sensei ya gwada ta, da wani a bayansa. In ya ce lafiya, shi ke nan, na yarda."

Genzo ya amsa nan take. Aka sa ranar Lahadi da hantsi. Wadda za ta bi shi a baya ita ce Sumire, yarinyar da ke aiki a gonar 'ya'yan itace, ɗalibarsa ce, kuma a cikin matasa babu mai natsuwarta.

Ina kallon su daga rumfa. Genzo ya shiga farar motar yana gyara hular kwano, Noboru ya sunkuya ta taga.

"Gen-chan, ka ji ni da kyau. Birkin motar nan faffaɗa ne, ya kai har inda kuloci yake zama a taka. Ka naɗe ƙafarka ta hagu ka cusa ta ƙarƙashin kujera. In ma za ka iya, ka cire takalmin, don ka riƙa tunawa."

"Kai, ji mutum! Yau ni ake koya wa zaman mota?"

"Ba koya maka nake ba. Ƙafarka nake tsoro, ta fi ka taurin kai."

"Tafi can, malamin keken ɗinki. Ƙafata ta san maigidanta."

Suka yi dariya. Ya ja baya da ƙafar kaɗan don Noboru ya gani, amma takalmi bai cire ba.

Zagayen farko lafiya lau. Na biyu ma haka, har mutane suka fara tafi. A na gaba ne, a babbar kwanar da ke gaban rumfata, gindin farar motar ya ɗan so ya miƙe. Duk mai motar giyar hannu ya san maganin wannan: ka harbi kuloci da ƙafar hagu, inji ya yi kuka, taya ta sake ɓallewa. Genzo ya yi shekara da shekaru yana wannan harbin, ba ya ma sanin ya yi. Sabo turken wawa. Ƙafar ta fito da kanta ta kai harbi da ƙarfinta duka, sai ta sami birki.

Motar ta dunƙule wuri ɗaya kamar an riƙe ta da igiya. Sumire na manne da ita cikin hayaƙi. Ƙarar da na ji har yau in na tuna sai haƙorana su yi tsami.

Aka ruga. Gaban motar Sumire ya lotse, ruwa na zuba, ita kuma tana riƙe da wuyan hannunta na dama, fuskarta fari fat. Genzo ya fito babu ko ƙwarzane. Lokacin ba a fara ɗaukar komai da waya ba, saboda haka abin da aka gani kawai hayaƙi ne da karo. Kafin kowa ya buɗe baki sai wani daga cikin 'yan kallo ya ce, "Ai ga shi nan! Ta canja giya da kanta!" Wani ya amsa, "Dama an faɗa." Magana ta bazu.

Noboru ya iso daga baya, yana ɗingishi, yana haki. Bai kalli motarsa ba. Ya je wajen Sumire tukuna, sannan ya jawo Genzo gefe, kusa da inda nake tsaye da butar ruwa. Ya yi ƙasa da murya.

"Gen-chan, ƙafarka fa?"

Ɗaliban Genzo na kewaye, Okonogi na tahowa, kowa na jiran abin da Sensei zai ce.

"Tana inda ka ce in sa ta," in ji shi. "Motar ce ta riƙe. Ban san me ya faru ba."

Noboru ya gyaɗa kai. Bai sake tambaya ba, don tun suna samari Genzo bai taɓa yi masa ƙarya ba. Ya juya ya sunkuya wa Okonogi, ya sunkuya wa Sumire, ya sunkuya wa jama'a, ya ce laifinsa ne, a yafe masa. Washegari aka kafa allo a bakin ƙofa: ba a yarda otomatik ta shiga fili ba, ko ita kaɗai, ko da wani.

To daga nan ne abin ya fara cin Genzo.

Ya zo rumfata ranar Asabar kamar kullum, na zuba masa taliyarsa da soyayyen tofu, wato awara, a kai. Ya juya ta, ya juya ta, ya tashi ya bar rabi. Mutumin da yakan ɗaga kwano ya shanye romo har ya nemi ƙari.

"Sensei, gishiri ya yi yawa ne?"

"A'a, Oba-chan. Cikina ne."

Noboru kuwa ya ja motarsa gida, ya sauke giyabos ɗin gaba ɗaya, ya shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa, ya warware shi ƙarfe-ƙarfe. Yana neman abin da ya lalace. Mutum mai ƙafa ɗaya, ga sanyin kaka ya fara shigowa, yana durƙushe a siminti daga safe har rana ta yi gora. Dungun ƙafarsa ya kumbura, matarsa Fumie ta yi faɗa har ta gaji.

Genzo ya riƙa zuwa duba shi. Kun san ba a shiga gidan mutane hannu rabbana, to shi nasa ya wuce misali. Yau kwandon 'ya'yan itacen da ake kira kaki, gobe kwalbar sake, barasar shinkafa mai tsada, jibi naman sa irin wanda ake ci a sabuwar shekara. Har tatamin ɗakinsu ya ce zai sake musu, wai ya ga ya tsufa. Fumie ta tsaya a ƙofa tana kallon kayan.

"Genzo-san, wannan tsaraba ta fara yi mana nauyi. Mu da muka jawo maka abin kunya, mu ya kamata mu kai maka."

Ya ce ba komai, ya wuce rumfar. Ya tarar da Noboru ya ɗaga wani ƙaramin ƙarfe yana duba shi a hasken taga.

"Mutumina, ka zo daidai. Gaya mini kuma, yaya ka ji ta lokacin? Ta yi ƙara kafin ta riƙe, ko shiru ta yi?"

"Na... kamar ta ɗan yi ƙara."

"Daga ƙasa ko daga gaba?"

"Daga ƙasa, ina jin."

"Yawwa. To bari in sake duba wancan ɓangaren."

Genzo ya ce mini wannan ita ce ranar da ya fi jin ƙyamar kansa. Ƙarya ta farko tsoro ne ya sa shi, amma wannan da hannunsa ya ƙera ta, ya miƙa wa abokinsa, abokin ya karɓa da godiya ya tafi neman ƙarar da ba a taɓa yi ba. Ya ce ya buɗe baki zai faɗa, sai ya tuna fuskokin ɗalibansa, ya tuna duk dariyar da ya yi wa masu otomatik, ya ga yadda za a ce Sensei ya yi kuskuren da ko ɗan koyo aka gargaɗa ba zai yi ba. Sai ya rufe bakin, ya ɗauki tsumma ya taya shi goge ƙarafa.

Ana cikin haka Noboru ya sa rigar fita kunya ya tafi gidan su Sumire da kwalin fiya, ya roƙi Genzo ya raka shi. A gaban iyayenta ya durƙusa, da ƙafar robar da ba ta lanƙwasuwa da kyau, ya kai goshi ƙasa. Sumire na zaune da hannu a naɗe, ga lokacin tsinkar 'ya'yan itace, gona na neman hannu. Ta ce masa ya tashi, don girman iyayensa ya tashi. Ba ta kalli Genzo ba ko sau ɗaya, shi ma bai kalle ta ba.

Da ganye ya fara ja, Noboru ya zo rumfata. Genzo na zaune. Noboru ya nemi shayi kawai.

"Na gama dubawa," in ji shi. "Babu abin da ya lalace. Ko ɗaya."

"To ai labari mai daɗi ne," na ce.

"A'a, Oba-chan. Da na sami abin da ya karye, da na canja shi na huta. Tun da babu, to hannuna ne ya haɗa wani abu ba daidai ba, kuma idona ba ya iya ganin sa. Mutumin da ya kai nan bai kamata ya riƙe sitiyari ba. Yau yarinyar mutane ce ta karye a hannu, gobe fa?" Ya kurɓi shayi. "Bayan biki zan kira masu gwangwan su kwashe ta. Lasin ɗin ma zan kai wa 'yan sanda in mayar, kamar yadda tsofaffi ke yi. Fumie ta iya tuƙi, za ta riƙa kai ni asibiti."

Na dubi Genzo, ina jiran ya ce masa haba, kada ka yi haka. Ni a lokacin ban san komai ba, na ɗauka dai aboki zai ba aboki baki. Sai na ga ya ƙura wa kwanonsa ido, kunnuwansa sun yi ja.

"Ka dai yi tunani," abin da ya iya cewa ke nan.

Noboru ya dafa kafaɗarsa. "Kai dai na gode. Da ba kai ne a ciki ba ranar, da abin ya fi haka muni."

Ya tafi. Genzo ya zauna kamar an dasa shi.

Ashe Sumire na bayan rumfa tana jin su. Tun da hannu ya hana ta aikin gona takan zo ta zauna wajena mu yi hira. Ta fito ta tsaya a gabansa, ta ɗan sunkuya yadda ɗalibi ke yi wa malami. A wajenmu ƙarami ba ya gyara wa babba magana a gaban mutane, balle malaminsa, shi ya sa ta haɗiye abin tun ranar.

"Sensei, ka yafe mini rashin kunya. Kai ka koya mini cewa in ina baya, kada in kalli hayaƙi, in kalli fitilar na gaba."

Bai ɗago ba.

"Na kalla. Ta kama ja kafin in buge ka. Giya ba ta kunna jar fitila, Sensei, birki ne ke kunna ta."

Ta ƙara matsowa kusa da shi.

"Na yi ta jira ka faɗa da kanka. Kashiwagi-san ya zo gidanmu ya sa goshi a ƙasa, ina kallon sa, na san ba shi ba ne, na yi shiru. Tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi. Ba zan faɗa wa kowa ba, ba hurumina ba ne. Amma in ya mayar da lasin ɗin nan, ni ma na bar fili."

Ta sake sunkuyawa ta wuce. Genzo ya ɗago ya dube ni, ni kuwa na juya na ci gaba da yanka albasa. Ya daɗe a zaune. Da zai tashi ya ce, "Oba-chan, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi."

Ranar biki ta zo, dutse ya yi ja ya yi rawaya, fili ya cika. Kafin a tada inji ko ɗaya akan tara direbobi duka a gaban ofis, mai fili ya yi bayanin dokoki, Sensei ya ƙara nasa, a sunkuya wa juna a watse. Noboru ya zo shi ma, ya ce zai riƙe tuta a kwana, kada ya zauna a gida yana jin ƙara daga nesa.

Okonogi ya gama nasa ya ce, "Sensei, bismillarka," ya matsa gefe. Genzo ya fito. Maimakon ya tsaya inda ya saba, sai ya taka har gaban Noboru, ya cire hula, ya zube gwiwa biyu a kan kwalta mai sanyi, ya dafa hannu biyu, ya kai goshi ƙasa.

"Motar Kashiwagi-san ba ta da laifi," ya ce, da ƙarfi yadda na can baya za su ji. "Ni na taka birki da ƙafar hagu, ina neman kuloci. Ya gargaɗe ni kafin in shiga, na yi masa dariya. Da ya tambaye ni, na yi masa ƙarya. Ni na karya hannun Sumire-san. Ni na sa aka kafa wancan allon."

Wani yaro a baya ya fara dariya, yana zaton barkwanci ne, na kusa da shi ya zungure shi.

Noboru ya tsaya riƙe da tuta. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

"Birki," ya ce a hankali. "Birki ka taka."

"E."

"Taka birki ba komai ba ne, Gen-chan. Ni ma da ina da ƙafar da na taka, shi ya sa na gaya maka. Da ka faɗa ranar, da mun yi maka dariya har sabuwar shekara, shi ke nan." Ya ja numfashi. "Amma na tambaye ka. Na jawo ka gefe don kada kowa ya ji, na tambaye ka."

"Ka tambaye ni."

"Ka zauna a rumfata kana goge mini ƙarfe. Ka ce ta yi ƙara daga ƙasa. Ka san kwana nawa na yi ina neman wannan ƙarar? Ƙafa na rasa a dutse, ban yi kuka ba, na ce ai hannu na nan. Kai kuma ka zo ka sa na daina yarda da hannun."

Genzo bai ɗago goshi ba. Kafaɗunsa kawai ke motsi.

"Tashi," in ji Noboru. "Kwalta da sanyi, kuma gwiwoyinka ba na yaro ba ne. Tashi mutane su yi wasansu."

Bai miƙa masa hannu ba. Ya juya ya tafi kwanarsa da tutarsa. Okonogi ya tsaya yana zare ido, can ya je da kansa ya tumɓuke allon ya jingina shi a bayan ofis. Ya bi Noboru yana cewa in yana so ya shiga yau ma an yarda. Noboru ya ce da wace motar? Tana gida a kan jarida, ƙarfe-ƙarfe. Bikin da ya yi shekara yana shiri dominsa haka ya wuce shi yana kaɗa tuta.

Genzo bai tuƙa ba ranar. Ya zo bayan rumfata ya zauna a kan akwatin kwalabe, inda ba mai ganin sa. Na kai masa taliya. Ya ci kaɗan. Bayan biki ya je gidan Noboru ya ce a bar shi ya taya haɗa giyabos. Fumie ce ta fito, ta ce maigidan ya ce ya gode, zai haɗa abinsa shi kaɗai, kuma don Allah a daina kawo tsaraba.

Noboru bai mayar da lasin ba. Ya haɗa motarsa cikin hunturu, da bazara ya dawo fili, bikin kaka na gaba ya yi zamiyar biyu da farar motarsa, Sumire na bin sa a baya, hannunta ya warke sai ɗan ciwo in sanyi ya yi yawa. Okonogi ya bar masu otomatik suna shiga, yanzu suna da yawa, har da wata mata mai jikoki. Genzo ya roƙi a daina ce masa Sensei, wasu sun daina, wasu bakinsu ya ƙi. Yana koyar da sababbin shiga har yanzu, amma bai sake shiga gaban kowa a zamiyar biyu ba. Shi da Noboru suna gaisawa, suna tambayar lafiyar iyali, ranar Asabar sukan ci taliya a benci ɗaya, da wurin zaman mutum guda a tsakaninsu. Ni kuwa ina nan da tukunyata.